Jirgi Ba Ya Jiran Mai Ciniki

'Yan'uwa mata, kakanninmu da suka je Makka ta ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan har Sawakin, sun san dokar bakin teku. In jirgin ruwa ya busa, to, Jidda ya nufa, ko kina ciki ko kina kasuwa. Manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido da ke tsayawa Jidda yau ma haka suke. Akan rubuta lokacin komowa a bakin matakala, wanda ya makara kuwa sai ya bi jirgi tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa.

Mu yanzu ta sama muke tashi daga Kano, amma dokar tana nan a motar ziyara. A Madina akan kai alhazai Masallacin Ƙuba da Ƙiblataini da Dutsen Uhudu, a ce musu minti kaza. Sai Hajiya ta tsaya tayin dabino, ta waiwayo ta ga motoci jere, duk kamarsu ɗaya. Ba wauta ce ta ɓatar da ita ba, ba a koya mata karanta lamba ba ne.

Saboda haka muke kira gare ku 'yan makaranta na Gaya da Ajingi. In Inna ko Gwaggo ta biya kujera, kada aikinku ya tsaya ga soya gyaɗa da dakan yaji. Ku zaunar da ita bayan sallar Isha'i, ku koya mata 1 zuwa 100, na boko da na Larabci. A kula, biyar ta Larabci kamar sifirin boko take, shida kuma kamar 7. Mai aji shida ma takan ruɗe a nan, balle dattijuwa. Ƙofofin Masallacin Annabi (S.A.W.) duk da lambobinsu, wadda ta riƙe lambar ƙofar da ta shiga ba za ta kwana tana neman masauki ba. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, a gyara tun a jirgi.

Cikin jirgi kuma, mata da yawa kan ƙi shan ruwa don kunyar tambayar ban-ɗaki. Wannan kunya ba ta da amfani, ma'aikaciyar jirgi don haka take. A can ma ruwa da laima su ne gata. A aikin Hajjin 2024 zafi ya tsananta, mutum fiye da 1,300 suka rasu.

Goro an hana shiga da shi, a bar shi gida. Kada ki karɓi ƙullin saƙo daga hannun kowa a sansanin alhazai, ko da ya haɗa ki da Allah. Katin Nusuk ya zauna a wuya, haɗe da takarda mai sunan masauki da lambar wayar jami'in alhazan ƙaramar hukumarku.