Ciwon Baya: Laifin Basir Ne, Ko Laifin Kujera?

'Yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, akwai wata cuta da ta shigo cikinmu wadda a da sai ga dattawa da masu dako ake jin ta, watau ciwon baya. Yau saurayi ɗan shekara 25 zai miƙe daga kan bencin lacca yana dafe da ƙugu kamar wanda ya wuni yana huɗa. Akawu a Sakatariyar Tarayya da ke Kawo ba ya iya cika ruku'u sai da nishi. In ka tambaye su abin da ke damunsu, amsar ɗaya ce: basir ne, ko dattin ciki. Daga nan sai a nufi mai magani da ya kafa lasifika a kan mota a bakin Kasuwar Gumi, a sayo gora ɗaya wadda aka ce tana maganin basir da ciwon baya da sanyi da shawara gaba ɗaya. Ra'ayina shi ne muna ɗora wa basir laifin da ba nasa ba, alhali masu laifin suna tare da mu kullum: kujera, da takalmi, da abin da muke zubawa a ciki.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya, kuma ana jin adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. Kusan 9 cikin 10 na masu ciwon, likita ba ya samun wata takamaimiyar cuta da zai nuna, sai gajiyar tsoka da jijiyoyi da gaɓoɓi. Basir kuwa kumburin jijiyoyin jini ne a bakin dubura. Yana sa ƙaiƙayi da zafi da zubar jini, amma tsakaninsa da ƙashin baya akwai tazara.

Mu fara daga ƙasa, domin gini daga tushe ake duba shi. Kowace ƙafa tana da ƙashi 26 da gaɓa 33, watau ƙafafu biyu sun kwashe kusan rubu'in ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi. Tsakiyar tafin ƙafa a lanƙwashe take kamar baka: in ka taka sai ta ɗan miƙe ta shanye nauyi, in za ka ɗaga sai ta ɗame ta tura ka gaba. Abin da ƙafa ta kasa shanyewa idon sawu ne zai karɓa, ya miƙa wa gwiwa, gwiwa ta miƙa wa ƙugu, har ya isa ga ƙasusuwan nan biyar na ƙasan baya. Wanda ya taɓa taka ƙaya ya yi kwana biyu yana ɗingishi ya san yadda ƙugu ke amsawa.

To, me muke sa wa wannan ƙafa? Saurayi ya samu takardar ɗaukar aiki, sai ya sayi sau-ciki mai tsinin baki a gwanjo, ko da ya matse masa yatsu, don dai a ce ma'aikaci ne. 'Yar'uwarmu ta hau mai tsinin dunduniya, nauyinta duk ya koma kan yatsu, tana tafiya tana neman inda za ta dafa. Ɗalibi kuma ya shekara da silifa wadda gefenta ɗaya ya cinye, yana tafiya a karkace bai sani ba. Sai dai kada wani ya ruɗe ku da tsada. Binciken da aka tattara bai nuna cewa shimfiɗar da ake sayarwa ana cusawa cikin takalmi tana hana ciwon baya ba. Takalmin da ya yi daidai da ƙafa, mai faɗin baki da gajeriyar dunduniya, wanda za ka iya tafiyar rabin awa da shi ba ka tsaya ba, ya wadatar.

Babban abin da muka hana ƙafa shi ne aikinta. Kaduna garin ofis ce tun da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917, amma iyayenmu da suka yi aiki a cikinta da ƙafa da keke suka yi. Mu kuwa daga Unguwar Dosa ko Badarawa mu faɗa Keke Napep a duƙe, mu sauka mu zauna awa takwas, mu dawo mu kishingiɗa da waya a hannu. A 2024 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Ostireliya a kan mutum 701 da suka warke daga ciwon baya. Waɗanda aka sa su tafiya a kai a kai, aka kuma wayar musu da kai, sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su harka, sauran kuwa kwana 112. Maganin da ba a biyan ko kwabo ke nan.

Shin ciki ba shi da hannu ke nan? Yana da shi, kuma a nan ne maganar mutanenmu take da ƙamshin gaskiya. Taurin bayan gida yana kumbura ciki ya sa nauyi a mara da ƙugu, kuma yunƙurin da ake yi a ban ɗaki yana cikin abubuwan da ke haifar da basir. Ashe sau da yawa basir da ciwon baya 'ya'yan gida ɗaya ne, zama da rashin motsi suka haife su, shi ya sa ake ganinsu tare har a ce wannan ne ya kawo wancan. Tun a shekarun 1970 likita Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya lura cewa mutanen karkarar Afirka masu cin hatsi da dusarsa ba su cika fama da cututtukan hanji irin na Turawa ba. Abin takaici, mun bar dambu da fate da kwaɗon zogale da wake da miyar kuka, mun koma farin burodi da taliyar leda da lemon kwalba, muna kiran wannan wayewa.

Haɗarin da ya fi ba ni tsoro yana cikin kantin magani. Baya ya yi ciwo, sai a sayi dikulofenak ko ibufurofen a haɗiya da safe ba a karya ba, a yi mako ana yi. Irin waɗannan ƙwayoyi suna cin bangon tumbi har su kai ga gyambon ciki da zubar jini, suna kuma wahalar da ƙoda. Wani ya zarce zuwa tiramadol, wanda ban da kama mutum da yake yi, yana ɗaure hanji. Ciki ya ɗaure, sai a ce basir ya tashi, a koma wurin mai gora a sha abin da zai sa gudawa. Garin neman gira an rasa ido.

Akwai kuma ciwon bayan da ba a jinkiri da shi. In ya zo da zazzaɓi da zufan dare da rama, yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, wanda in an bar shi yakan kai ga ƙusumbi ko shanyewar ƙafafu. In ƙafa ta mutu ko ta yi rauni, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, ko aka ga jini ko baƙin bayan gida, to a nufi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko asibiti mafi kusa a ranar. Tsakuwar ƙoda da gyambon ciki ma sukan aika da zafinsu baya, kuma likita ne kaɗai zai bambance.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta sa tattaki na mako-mako cikin ayyukanta, ga Dandalin Murtala nan an gyara shi an buɗe a 2022. Ina kira ga masu sayar da abinci a makarantu su dawo mana da wake da ganye a farashin da ɗalibi zai iya. Shugabannin ofisoshi su daina kallon akawun da ya miƙe ya taka na minti biyar a matsayin malalaci. Hukuma kuma ta kare gefen titin da aka yi don masu tafiya daga masu ajiye motoci da masu kasa kaya, ta sa ido a kan masu sayar da ƙwaya ba takardar likita.

Kai kuma mai karatu, Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki take nema gare ka a mako, watau rabin awa sau biyar. Gobe ka sauka daga Keke kafin a kai ka ƙofar ofis, ka ƙarasa da ƙafa, ka sha ruwa, ka duba gindin takalminka. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.