Waiwaye: Zuga-zugin Injin da Hanyar Dirku

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya na fara jin fiton turbo. A 1987 ne, lokacin da tseren motocin Faris zuwa Dakar ya iso Agadas, muka bar makaranta muka yi dafifi muna kallo. Shekarar ce Ari Vatanen ya ci da Peugeot 205 Turbo 16. Tun tseren farko, a 1979, motocin nan suka fara ratsa garinmu, kuma duk yaron da ya tashi a lokacin ya tashi da ciwon son gudu. Abin da idon yaro bai kama ba shi ne manyan motocin da ke biye da su cike da kayan gyara, da makanikan da ke kwana suna kwance inji suna ɗaurawa kafin asuba.

Ciwon ya taso mini a 2014, da aka gano zinariya a Jado. Kowa ya nufi arewa, kuma mai mota ya zama sarki. Ina da tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1990: gazuwal, silinda shida, lita 4.2, ƙarfin doki wajen 130. Raƙumi ne sak. Ba ya gudu, ba ya gajiya, ba ya tsirfar abinci. Amma in ka ɗora masa duro-duron ruwa da mai da mutane, ka tunkari tudun rairayi, sai ka ji yana nishi kamar tsoho a kan matakala. Samari masu Hilux ta esansi suna wuce ni suna ɗaga mini hannu. Raina ya ɓaci.

Na je wurin wani dattijon makanike da ya yi wa mahaifina gyara. Na ce, “Baba, so nake a ƙara mata numfashi.”

Bai amsa ba sai da ya gama shan shayinsa, sannan ya ja ni zuwa maƙerar da ke bayan garejinsa. Yaron maƙeri na zuga, garwashi na ja. Ya ce, “Ɗana, wutar nan da injinka duk abu ɗaya suke ci: iska. Ka tura iska da yawa, ka ƙara mai, wuta ta yi ƙarfi. Magana ita ce wa zai yi zugar, kuma ƙarfen zai jure?”

Daga baya na gane misalin nasa ya fi yadda ya zata dacewa. Na'urar tura wa inji iska da ake kira Roots, ƴan'uwa biyu ne a jihar Indiyana ta Amurka suka yi mata rajista a 1860, kuma aikinta na farko hura iska ne a matoyar narka ƙarfe. Zuga-zugi ce ta gaske kafin ta hau mota. Bel ke juya ta daga injin, don haka kana taka totur take ba da ƙarfi, ko da injin na juyawa a hankali. A rairayi mai laushi, inda daƙiƙa ɗaya ta jinkiri ke binne taya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai tana cin wani kaso na ƙarfin da take samarwa, kuma iskar da take turawa zafi gare ta. Akwai ƴar'uwarta mai sukurori biyu da ke matse iskar a cikinta. Ta fi ta sanyi, ta fi ta tsada, kuma Baba ya ce a mujalla kawai ya taɓa ganinta. Ta uku mai farfela ce, ita ma da bel, amma ba ta farkawa sai injin ya yi ihu. Wannan ta masu tsere a kwalta ce, Baba ya kawar da ita da hannu.

Saura turbo, wadda wani injiniyan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi wa rajista a 1905. Ita hayaƙin salansa ke juya ta, abin da dā ma zubarwa za a yi. Tana juyawa fiye da sau dubu ɗari a minti, tana ɗan jinkiri kafin ta kama, amma ita ce ta dace da gazuwal, kuma ita kaɗai ake samu a kasuwar kayan tsofaffin motoci.

Na ce to magana ta ƙare, a sa turbo. Baba ya girgiza kai. Ya ce 1HZ ba a gina shi don matsi ba. Matsin da ke cikin silindarsa dā ma ya yi yawa, fistocinsa kuma ba su kai na ƙanensa 1HD-T ƙarfi ba, wanda kamfani ya fitar da turbo tun daga masana'anta. In dole ne, a sa matsi kaɗan, a sa na'urar sanyaya iska tsakanin turbo da injin, a sa agogon auna zafin hayaƙi, kada kuma a taɓa buɗe famfon mai fiye da kima. Ko kuwa in tara kuɗi in sayi 1HD-T ɗin dungurungum. Ya lissafa kuɗin, na ji kaina ya sara.

Na tafi wani gareji. Can aka yi mini da rabin kuɗin, ba na'urar sanyaya iska, ba agogo, aka murɗe famfon mai har mota na tashin baƙin hayaƙi. Gaskiya ta yi daɗi. A hanyar Arlit na ji kamar an mayar da ni 1987.

Tafiya ta uku zuwa Dirku, cikin watan Mayu, bayan mun wuce rijiyar da ake kira Espoir, muka shiga rairayi mai zurfi da tsakar rana. Giya ta biyu, totur a ƙasa, kaya niƙi-niƙi, kusan awa guda. Allurar zafin ruwa ba ta nuna wani abin tsoro ba, domin ita ruwan lagireto take aunawa, ba wutar da ke cin kan fistan ba. Sai wata ƙara, sai farin hayaƙi, sai shiru. Shirun hamadar Tenere kuwa, wanda bai taɓa jin sa da mataccen inji ba bai san shi ba. Na fara ƙirga jarkokin ruwa da kawunan mutanen da suka ba ni amanar ransu. A Kano ko Maraɗi, in inji ya buga, ka rasa kuɗi da yini guda. A can, kowace ƙwarya ta ruwa lissafi ce.

Kwana biyu muka yi kafin wata babbar mota ta ja mu. Da aka buɗe injin, fistan biyu sun tsage, farfelar turbo kuma yashi ya cinye bakinta, saboda bututun iskar da aka haɗa mini yana da ƴar kafa bayan filta.

Wurin Baba na koma, kai a sunkuye. Bai ce uffan ba game da wancan garejin. Ya ɗauki fistan ɗaya, ya juya shi a hannu, ya ce, “Kowa ya dawo da ransa?” Na ce kowa. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Yaro, kawo sifana.” Ya mayar mini da injin yadda Toyota ta yi shi. Fistan ɗin yana nan a garejinsa har yau, da shi yake danne takardu kada iska ta kwashe.