Wasa Farin Girki: Ƙaramin Jirgin Tururi da Girman Kan 'Yan Boko

A Ingila da Jamus da Amurka akwai dattijai masu furfura da suke shimfiɗa layin dogo a bayan gidajensu. Faɗin layin milimita 32 ne ko 45, jirgin da ke gudu a kansa kuwa bai wuce tsawon kamu ɗaya ba. Ana zuba masa ruwa a tukunyar jan ƙarfe, a kunna wutar gas ko ta kwal a ƙarƙashinta, ruwan ya tafasa, tururi ya tura fistin, ƙafafu su juya. Masu layi mai faɗin inci 5 ko 7¼ har zama suke yi a tarago, jirgin ya ja su.

Nuna wa ɗan bokonmu hoton wannan, ka ji abin da zai ce: wasan yara, aikin wanda ya ƙoshi. Wannan raini shi ne abin da nake jayayya da shi, domin yana cikin dalilan da suka sa muke sayen inji ba ma ƙera shi. Ba kuma inda hasarar ta fi fitowa fili kamar ƙasar Haɗeja.

Mu fara da abin da ƙaramin jirgin yake buƙata daga mai ƙera shi. Dole fistin ya zauna a cikin silinda daidai wa daida. In ya matse ba zai motsa ba, in ya yi sako-sako tururi zai zurare. Dole bawul ya buɗe ya rufe a daidai lokacinsa. Tukunyar kuwa likin azurfa ake yi mata, kuma kafin a kusantar da wuta sai an cika ta da ruwan sanyi an matsa shi har ninki biyu na ƙarfin da za ta yi aiki da shi, domin tukunyar da ta fashe da tururi tana iya raunata mutum. Wanda ya kammala irin wannan jirgi ya koyi karanta zane, da awon da bai kai kaurin silin gashi ba, da feren ƙarfe a kan inji, da haƙuri. Malami yana iya ba ɗalibi maki don tausayi ko don sanayya. Tururi bai san ɗan wane ba.

Turawa sun daɗe da gane haka. A 1898 aka fara buga mujallar Model Engineer a Landan, a shekarar kuma aka kafa ƙungiyar masu ƙera ƙananan injuna. Marubucin da ya fi tasiri a fagen, wanda ke sa hannu da LBSC, tsohon ma'aikacin reluwe ne da bai da digiri. A farkon shekarun 1920 ya ƙera wani ɗan jirgi mai cin kwal a kan layi mai faɗin inci 2½, ya raɗa masa suna Ayesha, ya nuna wa manyan masu sana'ar cewa zai iya jan babban mutum. Walt Disney ma ya shimfiɗa nasa layin a gidansa a 1950, kafin ya buɗe Disneyland a 1955.

Yanzu mu dawo gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen Nguru ya kammala a 1930, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Layin bai shiga birnin Haɗeja ba, don haka Malam Madori ta zama tashar masarautar, inda ake tara gyaɗa a loda ta zuwa Kano da Ikko. Tururi ne ya ja waɗannan taragai, da kwal ɗin da ake haƙowa a Inugu, har dizal ya fara karɓe aikin daga tsakiyar shekarun 1950. Direbobi da masu zuba kwal da kanikawa sun rayu da wannan inji shekara da shekaru. Yau tambayi ɗalibin kimiyya a Malam Madori yadda wuta da ruwa suka ja tarago, ka ga yadda zai yi zuru. Ilimin ya bi masu shi kabari, mu kuwa muna kallo.

Za a ce mini: jihar da ambaliya ta cinye gonakinta a 2020 da 2022, ina ta ga ta wasan jirgi? Tambayar tana da nauyi, amma amsarta tana cikin fadamar kanta. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalar ruwan da manoma suka saba dogara da ita ta ragu, noman rani ya koma kan injin ban ruwa. Bi gaɓar kogi daga Auyo zuwa Kirikasamma zuwa Guri, ko'ina ƙarar inji ce a cikin shinkafa da alkama da tattasai. Kusan dukkan waɗannan injuna daga ƙetare aka shigo da su. Kanikawanmu gwanaye ne wajen kwancewa da sauya abin da ya lalace, amma in babu sabon a kasuwa, sai injin ya kwanta, shuka ta bushe. Tazarar da ke tsakanin mai sauya kayan gyara da mai fere su da hannunsa ita ce ainihin abin da ƙaramin jirgi yake koyarwa.

Za a kuma ce zamanin tururi ya wuce. Bai wuce ba. Tashar Egbin da ke Legas da tururi take samar da lantarki, manyan injinan casar shinkafa kuma da tukunyar tururi suke turara ta. Ban da haka, babu injin da ya kai wannan sauƙin fahimta, domin ana ganin wutarsa da ruwansa da motsinsa duka a fili.

Abin takaici shi ne muna da irin. Yaron da ya haɗa mota da karan dawa da ƙaya, ko ya lanƙwasa langalanga da gwangwanin madara ya yi tirela, injiniya ne a tsiro. Me muke yi masa? Mu kore shi ya je ya yi karatu, kamar dai abin da yake yi kishiyar karatu ne. In ya girma ya sami takarda, sai ya ɗauki taɓa baƙin mai a matsayin ƙasƙanci, ya bar wa maƙeri da mai walda. Da haka muka raba kai da hannu: mai lissafi ba ya riƙe guduma, mai guduma ba a koya masa lissafi.

Gyaran bai buƙatar jiran Abuja. Injiniyoyi da likitoci da lauyoyi 'yan asalin Haɗeja da ke Kano da Dutse da Kaduna suna kashe abin da ya fi kuɗin ƙaramin injin feren ƙarfe a biki guda. Su haɗa hannu su sayi ɗaya, su nemi fili a kusa da Kwalejin Binyaminu Usman, su zaunar da maƙeri da mai walda da malamin fiziks a benci ɗaya tare da yara goma. A ɗaga layin a kan ginshiƙai saboda damina, a kafa ƙa'idar gwajin tukunya tun ranar farko, a kwaikwayi tashar Malam Madori yadda tsofaffi suke tuna ta.

Ana shimfiɗa sabon layin Kano zuwa Maraɗi da reshe zuwa Dutse, kamfanin waje ne ke aikin. Wata rana zai tattara kayansa ya tafi. Waɗanda za su kula da abin da ya bari yanzu haka suna tsugune a ƙofar gida da kara da gwangwani. Ya kamata mu daina korarsu.