Filin Masu Babur: Kafin Ka Kwance Taya

Wani mai karatu daga Agege ya aiko mana da takarda, yana cewa ya zo cire tayar baya a ƙofar gida, sai babur ya kife masa a ƙauri, ya yi mako uku bai fita nema ba. To, Allah ya ƙara sauƙi. A kan wannan za mu yi magana yau.

Da farko dai, a san nauyin abin da ake hulɗa da shi. Babur irin Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1975, in da mai a tanki yakan kai kilo 100 ko fiye, wato buhu biyu na siminti. Wanda ya san haka ba zai dogara da ƙarfen jingina na gefe ba yayin gyara, domin wannan na ajiya ne kurum.

Nemi wuri mai tauri wanda ba shi da gangara. In ƙasa ce ko rairayi, shimfiɗa faffaɗan katako. Ka bar inji da salansa su huce, ka rufe makunnin mai. Sannan, tun taya tana ƙasa, ka sassauta babban notin da ke riƙe da ita. Yawancin faɗuwa a nan take faruwa: mutum ya ɗaga babur, ya sa sifana ya danna da iyakar ƙarfinsa, noti bai motsa ba, babur ya motsa.

Ɗora babur a kan matsayin tsakiya mai ƙafa biyu kuwa dabara ce. Ka tsaya a hagu, hannun hagu a kan babur, na dama a kariya. Taka matsayin har ka ji ƙafafunsa biyu sun taɓa ƙasa, sa'an nan ka ɗora nauyinka a kansa kana jan kariya sama da baya. Ƙafarka ce za ta yi aikin, ƙugunka ya huta.

Amma fa a lura, matsayin nan baya yake naɗewa. Da zarar babur ya gusa gaba, ya sauka ke nan. Saboda haka ka matse birkin gaba, ka ɗaure shi da robar tsohon tib. In tayar gaba za ka cire, birki ba shi da amfani, sai ka ɗaure matsayin da igiya zuwa ƙarfen jikin babur ta gaba, ka tokare ƙarƙashin inji da gungumen katako. Kada ka sa bulo. Mun sha ganin ana yi, amma bulon siminti ba ya gargaɗi, fashewa yake yi farat ɗaya. Mai jakin mota ma ya sa katako tsakaninsa da inji, don kada gidan injin ya tsage.

Akwai wata mummunar al'ada da ba za mu ƙyale ba, ta tayar da inji a sa giya, taya tana juyawa ana goge sarƙa da tsumma. Sarƙa takan ja tsumman, tsumma ya ja yatsa zuwa haƙoran ƙarfe. A kashe inji, a juya taya da hannu.

In kuwa duk da haka ka ga babur ya taho, ja da baya ka bar shi ya faɗi, madubi a kasuwa ake sayensa. Yara kuma a kore su nesa tun kafin a fara.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake ɗame sarƙa.