ZARE: Akwalata da masu jin kunyar baƙin mai

1/
Jiya na ɗora hoton J5 ɗina bayan mun ƙarasa mata aiki. Kafin la'asar an cika min waya. Wani ya ce ɗan jami'a ya koma jari bola. Wata ta ce ko kyauta aka ba ta ba za ta shiga ba. Wani kuma ya ce boko ya yi asara. To ku gyara zama, yau sai mun yi ta. 🧵

2/
Ku fara sanin mai maganar. Ni ɗan Baturiya ne, ƙaramar hukumar Kirikasamma a Jigawa. Aji huɗu nake a jami'a, tattalin arziki nake karanta. Ban gaji kanikanci ba, kamun kifi da noman shinkafa muka tashi muka gani a gidanmu. Sai a 2022 na fara riƙe sifana.

3/
Motar ta Baffana ce, Allah Ya jiƙansa. Ya yi shekaru yana lodin tattasai da kankana da busasshen kifi da ita. Da kuɗinta aka saya min littafin firamare. Da ya rasu aka jingine ta a gindin goruba a bayan gida, kaji suka mai da ita akurki.

4/
Kun tuna yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Zaman gida ya ishe ni, na riƙa zuwa wani gareji a Haɗeja ina miƙa sifana, ina wanke ƙarafa da fetur. Ogan wurin bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "ɗan boko".

5/
A daminar shekarar ne ambaliya ta ci yankinmu. Duk ɗan ƙasar Haɗeja ya san abin da muka gani. Ruwa ya shanye motar har sitiyari. Yana janyewa sai ga 'yan jari bola, suka yi mata kuɗi a kilo kamar tsohuwar tukunya. Baba har ya sallama.

6/
Na durƙusa na ce, "Baba, a yi min alfarma a bar min ita." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Na ba ka zuwa kaka mai zuwa. In ba ta tashi ba a sa mata guduma, kuma kar na ji an ce ka faɗi jarrabawa saboda ƙarfe." Da wannan sharaɗi na fara.

7/
Ga wanda bai san J5 ba: Peugeot ta fara ƙera ta a 1981, ta daina a farkon shekarun 1990. Tagwaye suke da Fiat Ducato da Citroën C25. Tayoyin gaba ne ke jan ta, shi ya sa cikinta yake a shimfiɗe, ƙasa-ƙasa, ya ci kaya ya ƙoshi. Masu lodin tumatir ba banza suka riƙe ta ba.

8/
Tawa mai fetur ce, kuma injinta dangin na 504 ne. Tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna, don haka duk tsohon bakanike a Arewa ya san wannan inji kamar yunwar cikinsa. Babu kwamfuta a ciki. Kunne da sifana da haƙuri kawai take nema.

9/
Darasin farko kyauta: motar da ruwa ya ci, kar ka kuskura ka yi mata ki. Iska tana matsuwa a cikin silinda, ruwa ba ya matsuwa. Fistin na tasowa ya tarar da ruwa, sai ƙarfen da ke riƙe da shi ya lanƙwashe. Ka cire fulogi, ka zubar da baƙin mai, ka sauke tanki tukuna.

10/
Baƙin man da muka zubar ya koma kamar kunun gyaɗa. Fistin biyu tsatsa ta kama su gam. Kwana tara muna jiƙa su da gas kafin suka motsa. A cikin kafireta mun tarar da laka, a salansa kuma gidan ɓera. Wayoyin wuta duk sun yi kore, sai da rewaya ya sake su daga farko.

11/
Kuɗin fa? Hutu in yi ƙwadago a gonar shinkafa, a makaranta in koyar da yara lissafi da yamma. In na tara in hau mota zuwa Ƙofar Ruwa a Kano in tsinto abu ɗaya. Wata rana lagireto, wata rana kuloci. Da kaɗan-kaɗan matankaɗi kan shiga gora.

12/
Ranar da ta tashi, saura mako uku a fara yankan shinkafar 2023. Ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta kama. Baba na zaune a kan tabarma bai ce komai ba. Can ya tashi ya shiga gida. Inna ce ta gaya min daga baya wai ƙarar ce ta tuna masa da ƙaninsa.

13/
To yanzu mu dawo kanku. Mai cewa boko ya yi asara, ina da tambaya. Kifin da ka ci jiya, a wace mota ya baro fadama? Tattasan miyarku fa? Buhun shinkafar gidanku? Kaf yankin nan a bayan akwala yake tafiya. Kana cin arzikinta kana toshe hanci.

14/
Kuma ita motar da kake ɗaukar hoto a jikinta, 'yar Kwatano ce fa. Wani Bature ne ya gama yayinta a Beljiyam ko Jamus ya rabu da ita, aka loda ta a jirgin ruwa. Tsohuwar wani kake taƙama da ita, ni tsohuwar Baffana na tayar. To wa ya fi wani?

15/
Bari in sa muku rigar karatun nawa. Daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da ₦200 ta haura ₦500, a 2024 ta wuce ₦1,000. Dala ma a 2024 ta haura ₦1,500. A irin wannan ƙasa, manomi a Baturiya zai sayi sabuwar bas? Da me?

16/
Amsar ita ce motocin da ke hannunmu su za mu ci gaba da hawa shekaru masu zuwa. Duk wadda aka sa wa guduma, ƙauye guda ya rasa hanyar kai kaya kasuwa. Wanda ya iya tayar da matacciyar mota jari ya ƙirƙira. Wannan ma a aji aka koya mana, ba a gareji ba.

17/
Abin da ya fi ci min rai shi ne yawancin masu dariyar 'yan'uwana ne ɗalibai. Mun san yadda wasunmu ke yin SIWES: a kwanta a gida wata shida, a ƙarshe a nemo mai hatimi ya buga a littafi. A fito da digiri, janareton gida ya mutu a rasa mai buɗe fulogi.

18/
Sai mu zauna a majalisa muna cewa Chaina ta ci gaba, Japan ta ci gaba. Da farar shadda suka ci gaban? Mun mai da baƙin mai a farce abin kunya, zaman kashe wando da babbar waya kuma abin ado. Wallahi lissafin nan ya karkace.

19/
Wani ya ce wai gyaran tsohuwar mota don nishaɗi al'adar Turawa ce, ta masu cin sau uku. Haba malam. Ka taɓa tsayawa ka kalli bayan manyan motoci masu bodin katako a hanyar Kano? Zaki, dawisu, furanni, karin magana. Kakanninmu sun riga mu yi wa mota kwalliya.

20/
A Dakar, tsofaffin bas ɗin Renault masu shuɗi da rawaya sun zama alamar birnin. A Kuba har yau motocin Amurka na shekarun 1950 suna ɗaukar 'yan yawon buɗe ido. A Kumasi akwai Suame Magazine, a Kaduna akwai Panteka. Ko'ina mai gyara yana da daraja, sai a bakin ɗan bokonmu.

21/
Amma fa akwai wata baiwar Allah da ta yi maganar da ta fi ta kowa nauyi. Ta ce irin waɗannan motoci ne ke kashe mutane a hanya, yayanta a cikin irinta ya rasu. Allah Ya jiƙansa. 'Yar'uwa, ke ba zan yi musu da ke ba, gaskiya kika faɗa. Ni ma na kusa.

22/
Ga abin kunyata. Inji na tashi, kuɗin farko da na samu fenti na saya. Oga ya ce, "Ɗan boko, birki fa?" Na ce ai yana kamawa. Fitar gwaji ta farko na taka feda ta tafi ƙasa salin-alin. Dangar maƙwabcinmu ce ta tsayar da ni. Minti kaɗan kafin nan yara na wasa a wurin.

23/
Bututun birki ne tsatsa ta cinye ta ciki, ga man birkin ya sha ruwa, don shi man birki jan danshi yake yi. A waje tana ƙyalli, a ƙasa kabari ce. Na biya kuɗin danga, na sha faɗan Baba, na kwana ban runtsa ba.

24/
Don haka ku ma 'yan kwalliya ban ƙyale ku ba. Mai sa fitila kala bakwai da sifika kamar gidan biki, tayarsa kuwa sumul kamar tafin hannu. Mai loda J5 har ta durƙusa, mutane a saman buhu. Ku ne kuke ja wa akwala zagi, kuma ku ne kuke jawo zaman makoki.

25/
Tsarin da na koya da wuya: birki, sitiyari, taya, fitilu, sanyin inji, takardu. Fenti shi ne na ƙarshe. Kuma ka duba gefen taya, akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT. In ka ga 2318, mako na 23 ne na 2018. Zanenta na iya zama sabo alhali robar ta mutu.

26/
Sai da waɗannan suka kammala na shiga abin da raina ke so. Benci biyu masu naɗewa, in an kwantar su zama gado. Ragar sauro a tagogi, don wanda ya taɓa kwana a fadama ya san dalili. Faifan sola a rufi, yana ba da fitila da fanka da cajin waya. Kariya a sama, mai walda ya haɗa min.

27/
A baya na yi akwati mai soso a ciki, in an zuba ƙanƙara ɗanyen kifi ya isa Haɗeja bai canza wari ba. Masunta na asara ne tsakanin bakin ruwa da kasuwa, ba a cikin ruwa ba. Fentin kuwa kore da fari, da zanen goruba da kwalekwale. A goshinta sunan da Baffa ke kiranta: Haƙuri.

28/
Kuma ina da buri da ita. Tun 2008 dausayin Baturiya yake cikin jerin Ramsar na wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya. Da hunturu tsuntsaye na ketaro Sahara daga Turai su sauka a bayan gidanmu. Amma ɗan Dutse ko ɗan Gumel nawa ne ya taɓa zuwa ya gani?

29/
Hutun hunturun da ya wuce na ɗauko abokaina shida daga makaranta. Muka kwana a bakin ruwa, da asuba muka ga dinya da kirinjijiya garke-garke. Suka ga yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, abin da a da a takarda kawai suke karantawa. Biyu daga cikinsu yanzu a kan haka suke rubuta kundin kammalawa.

30/
Eh, tana shan mai, ban ɓoye ba. Eh, tana lalacewa, makon jiya ma fambel ya tsinke mana a hanya. Amma na sauka na canza shi da hannuna cikin rabin awa. Kai in taka ta tsaya a daji, ban da kiran waya da "don Allah turo min bakanike", me ka iya?

31/
Karatu kuwa, alhamdu lillahi, ban taɓa ɗauko kwas ba, Baba na ganin sakamako duk zango. Kuma tun bara ban ƙara tambayarsa kuɗin rajista ba. Haƙuri ce ke biya, a lodin ranar kasuwa lokacin hutu.

32/
Wani abin dariya: cikin masu zagina jiya akwai wanda a watan Shawwal ya yi min sallama har gida, in taimaka in kai kayan ɗakin ƙanwarsa. Na kai, ban karɓi ko sisi ba sai kuɗin mai. Ba zan kama suna ba. Malam, ka gaida amarya. 😂

33/
Abin da nake roƙon 'yan'uwana matasa: a gidaje da yawa akwai wani abu a jingine. Babur, injin ban-ruwa, keken ɗinki, injin markaɗe. Kafin a kira mai kilo, je ka wurin mai sana'ar, ka gaishe shi da ladabi, ka ce ya koya maka. Zai yi maka tsiya kwana biyu, sannan ya miƙo maka sifana.

34/
Mai son ya zage ni, fili na nan a ƙasa, ina karantawa. Mai tambaya a kan motar da ruwa ya ci, ya ajiye, in na sani in faɗa, in ban sani ba in tambayo Oga. Mai son ganin tsuntsaye kuma, Disamba na tafe, kujera shida ce, kowa ya zo da bargonsa.

35/
Ni dai bari in tashi, gobe da sassafe akwai lodin kankana, kuma har yanzu ban duba ruwan lagireto ba. Wanda ya karanta har nan, in ya yi salla ya sa Baffana a addu'a. Sai da safenku.