Daga Warsha Zuwa Gona: Darasin Mai Wurno

A wannan wata za mu taɓo wata magana ce da ta yawaita a bakin 'yan'uwanmu makanikai, maƙera da masu walda na Mantiƙa Sinaiya, wato a haɗa kai gida goma ko ashirin, a bar birni, a nemi fili a kafa ƙauye, a riƙa cin abin da aka noma. Wannan ba abin mamaki ba ne. Tun daga ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke, mutanen Khartum da Omdurman sun ga yadda mai sana'a ya wayi gari yana bin layin takiyya da kwano a hannu, domin ƙarfe ba ya shiga tukunya.

To, shawarar ba baƙuwa ba ce gare mu, kakanninmu sun riga mu. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a yaƙin Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yiwo gabas da niyyar Makka. Wajen 1906 suka sauka a bakin Bahar Azraƙ, kudu da Sinnar, daura da Shehu Talha. Suka sare daji, suka shuka dawa, suka kama su a kogi, suka gina masallaci da makarantar allo. Ga garin nan har yau yana amsa sunansa.

Abin da ya riƙe su, ba yawan dukiya ba ne. Suna da shugaba da ake jin maganarsa, suna da gayya, wadda maƙwabtanmu ke kira nafir, kuma da izinin hukuma suka zauna. Duk wanda ke ganin dogaro da kai shi ne kowa tasa ta fisshe shi, to bai fahimci Mai Wurno ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma tarihin yana da ɗaya gefen. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe aikin Jazira, mutanenmu da dama sun shiga tsinkar auduga a hawashar wasu. Jikokinsu da yawa sun tashi a kambo, sun san noma kamar yunwar cikinsu, amma ba su da ko taki ɗaya da sunansu. Haka kuma ba mu manta da 2022 ba, lokacin da rikicin ƙasa da sarauta a jihar Nilul Azraƙ ya ci ɗaruruwan rayuka a wajejen Rusairis da Wad al-Mahi, dubbai suka bar gonakinsu.

Saboda haka muna kira ga masu wannan niyya, kada a yi gaggawa. A fara da takardar fili, a gaban shaidu da hukuma, a kuma kai gaisuwa ga dattawan wurin tun kafin a kafa bukka. A tura mutum biyu ko uku su yi damina guda tukuna, su ga ruwa, su ga ƙasa. A rubuta wa zai riƙe rumbu, da rabon wanda ya ce zai fita, domin zumunci ya fi lalacewa a bakin rumbu. A shawarci mata, su ne za su ɗauki nauyin ruwa da itace. Sannan kada kowa ya sayar da kayan aikinsa: ƙauyen da ke da mai gyaran famfo da tarakta ya fi ƙarfin yunwa.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin. Sai wata mai zuwa, in rai ya kai.