Ɗan Faskarin da ya kafa mujallar Fim

Ƙannena na Batsari da Safana, da na zo hutu wani ɗan aji biyar ya ce mini aikin jarida na 'yan birni ne. Na tambaye shi ko ya san Ibrahim Sheme, ya girgiza kai.

Mutumin Faskari ne, nan jiharmu. Ya karanta aikin jarida a Jami'ar Bayero, ya ƙaro ilimi a Birtaniya, a 1999 ya kafa mujallar Fim, lokacin da manya da yawa ke ɗaukar finafinan Hausa shirme. Shi ya rubuta 'Yartsana. Amma aikinsa da ya fi burge ni shi ne Shata Ikon Allah, tarihin Mamman Shata da suka rubuta shi da abokan aikinsa, suna tattaro labari daga bakin waɗanda suka san mawaƙin.

Irin wannan aikin na jiranmu a nan bakin Dajin Rugu. 'Yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka, tsofaffin da suka san yadda aka kafa su kuma suna ta rasuwa. Kakata ta fara ba ni labarin namu ƙauyen. Na cika shafi 11, ranar Juma'a zan koma wurinta.